Jan Zare a Gefen Allo

Saƙon ya shigo da safe, Baba na zaune gaban kwamfuta kamar kullum. Ya matsa da fuskarsa kusa da allo, ya ja baya, ya gyara tabarau, sannan ya ƙwala mini kira.

"Auta! Zo ki karanta mini wannan. Na ga da ja suka rubuta shi, ja kuwa ba ya zuwa da alheri."

Na ajiye kwalin alluran da nake jerawa na zo. Kamfanin da ke da manhajar da muke gyara shafinmu na intanet da ita ne ya aiko. Sun ce za su rufe manhajar a ƙarshen watan gobe, duk mai shafi a wurinsu ya kwashe kayansa ya koma wata.

"Wato an kore mu," in ji Baba.

"Ba mu kaɗai ba ne, Baba. Kowa da kowa ne."

"To da sauƙi. Mutuwar yawa kaka ce."

Ya yi dariya, amma na ga hannunsa na dama ya bar linzamin kwamfutar, wanda yake kira ɓera, ya koma kan cinyarsa, na hagu ya bi shi ya danne.

Shagonmu na gyaran keken ɗinki ne. Baba ya buɗe shi tun kafin a haife ni, a cikinsa na tashi, cikin warin mai da ƙarar feda. Shekarun baya hannunsa ya fara rawa. Da fari ƙananan kusoshi ne suka riƙa kuɓuce masa suna gangarawa ƙarƙashin teburi. Daga baya zira zare a allura ya gagara. Ba wanda ya ce masa ya tashi daga teburin gyara. Wata rana dai ya miƙa wa Yaya sukundireba ya ce, "Ƙarasa," kuma bai sake zama a wurin ba.

Shafin kuwa ni na gina shi ina jami'a. Aikin aji ne, aka ba ni maki na manta da shi. Baba ne ya tsince shi. Ya sa na nuna masa inda ake rubutu, tun daga ranar kowace safiya, kafin shayinsa ya huce, sai ya rubuta abu guda game da keke. Yau abin da ke sa keke tsinka zare, gobe yadda ake gane keken da ke jin ƙishin mai daga kukansa. Teloli daga garuruwan da ba mu taɓa takawa ba suna aiko da tambaya, shi kuma yana amsa musu kamar suna gabansa: "Ɗana, kekenka ba shi da laifi, allurarka ce ta lanƙwashe." Rubutun ba aya ba waƙafi, wani harafin ya fito sau uku saboda rawar hannu, amma ana karantawa.

Baba ba ya karanta sunayen maɓallan manhajar, ya ce ƙanana ne kamar ƙwayar gero a bakin tururuwa. Zare yake bi. Ya yanko guntayen zare ya liƙa su da salatif a gefen allon, kowanne daidai da maɓallin da yake buƙata. Kore a sama ta hagu, na buɗe sabon rubutu. Ruwan ɗorawa a tsakiya, na sa hoto. Ja a can ƙasa, na aikawa duniya ta gani. Sai ya ɗora ido a kan zaren, ya bi saitinsa zuwa cikin allo, ya kai kibiyar linzami, ya danna. In ya danna na jan zaren, sai ya jingina ya ce, "An sallami mara lafiya," ya ɗauki kofinsa.

Da rana muna cin abinci a ɗakin bayan shago na faɗa wa Yaya zancen saƙon. Baba ya riga ya gama ya fita shan iska.

"Faɗuwa ta zo daidai da zama," in ji Yaya. "Dama shafin nan ya tsufa. Ki ga na masu sayar da kayan gyara na bakin titi, hoto na tafiya da kansa. Namu kuwa kamar bangon ajin yara."

"Bangon ajin yaran ne ya kawo maka matar nan mai kekuna bakwai," in ji Umma, wadda ta kawo mana abincin ta zauna tana kallonmu.

"Ban ce a zubar ba, Umma. A kwashe duk abin da ya rubuta a ajiye. Amma daga yanzu Injiniya ta riƙe." Haka yake kirana in yana son aiki a wurina. "Abin da Baba ke son faɗa ya faɗa mata da baki, ita ta rubuta da kyau. Shi ya huta. Ba ya huta ba ke nan?"

"Babanku in ya huta ni ce ba na hutawa," in ji Umma. "Ranar da wuta ta ɗauke bai yi rubutun nan ba, sai da ya ƙirga mini cokulan gidan nan ya ce ɗaya ya ɓata."

Yaya ya yi dariya ya dube ni. "Ko ba haka ba, Injiniya?"

Ina da magana a bakina. Na san rubutun safen nan shi ne teburin gyaran da ya rage wa Baba. Amma ni tun ina ƙarama in aka juyo aka dube ni, maganata sai ta koma ciki ta ɓuya. Na ce, "Bari in kwashe tukuna mu gani."

Kwashewar ta fi yadda na zata wuya. Na zaɓi wata manhaja da mutane da yawa ke aiki da ita, don kada a sake korarmu gobe. Tsohuwar ta ba ni duk rubutun Baba a dunƙule, sabuwar ta karɓa, amma hotuna suka ƙi bin rubutunsu. Bayanin allura ya zo da gurbi fari, hoton allurar yana can wani wuri cikin ɗaruruwan 'yan'uwansa, kuma duk Baba ya sa musu suna iri ɗaya: keke, keke sabo, keke na jiya, keke na jiya na gaske. Sai da na riƙa buɗe tsohon shafi a gefe guda, sabo a ɗaya gefen, ina mayar da kowane hoto gidansa.

Sai kuma adireshi. Kowane rubutu yana da adireshinsa, teloli sun adana a wayoyinsu, suna tura wa juna. A sabuwar manhaja adireshin ya canza kama. In na bar shi haka, duk wanda ya bi tsohuwar hanya zai tarar da ƙofa a rufe. Na zauna na ɗaura kowane tsohon adireshi da sabonsa, yadda in mutum ya ƙwanƙwasa can za a buɗe masa nan.

A cikin wannan aiki ne na karanta rubutun Baba daga farko har ƙarshe, abin da ban taɓa yi ba. Wani tela ya rubuto cewa zai jefar da keken mahaifiyarsa don ya ƙi juyawa. Baba ya bi shi a hankali, tambaya bayan tambaya, har aka gano tsumma ne ya naɗe a ciki. Amsar Baba ta ƙarshe ita ce: "Ka ga ni, tsoho ba ya mutuwa don ya yi shiru." Na daɗe ina kallon layin.

Ban taɓa shafin da mutane ke gani ba. Duk aikin a kan kwafin gwaji na yi shi, wanda mu kaɗai ke gani. Da ya kammala Yaya ya zo ya leƙa, yana goge mai a hannunsa.

"Yauwa! Yanzu muka zama mutane. Kai, Injiniya, kuɗin makaranta bai tafi a banza ba."

"Ina so Baba ya gwada," na ce, a hankali.

"Ya gwada mana. Ai ba a hana shi ba."

Washegari da safe Baba ya zauna a kujerarsa, shayi a gefe. Na buɗe masa sabuwar manhajar. Ya dubi koren zare, ya bi saitinsa, bai tarar da komai ba sai farin fili.

"Sun kwashe ƙofar," ya ce.

"Tana nan, Baba, ta ɗan matsa ne." Na nuna masa da yatsa.

Ya buɗe, ya rubuta layi biyu game da bel ɗin keke in ya saki. Har na fara sakin jiki. Sai ya zo sa hoto.

A tsohuwar manhaja, in ka danna maɓalli ka danna ke nan, ko hannunka ya goce. Sabuwar ba haka take ba. Komai a cikinta ɗan akwati ne da ake iya ja a ajiye wani wuri: rubutu akwati, hoto akwati, kanun magana akwati. In ka danna, hannunka ya motsa kafin ka saki, sai ta ɗauka ja kake yi. Hannun Baba kuwa yana kai kibiya inda yake so lafiya lau. Sai ya zo lanƙwasa yatsa ya danna, a nan ne rawar ke tashi.

Ya danna, hoton ya zame ya faɗa tsakiyar rubutu. Ya bi shi don ya dawo da shi, kanun maganar ya biyo kibiyar ya sauko ƙasa. Ya kama hannun dama da na hagu ya sake dannawa, layukan nan biyu da ya sha wuya ya rubuta suka ɓace gaba ɗaya.

"Ba komai, Baba, ana dawo da su," na ce da sauri, na miƙa hannu na dawo da su.

Ya sake gwadawa. Suka sake tarwatsewa. Yaya na teburin gyara ya juya mana baya, amma na lura sukundirebarsa ta daina motsi.

Baba ya saki linzamin. Ya cire tabarau, ya goge shi da gefen riga, ya daɗe yana gogewa.

"Wannan ɓeran na matasa ne," ya ce, yana murmushin da bai kai ido ba. "Na ji abin da yayanki ya ce, ya yi gaskiya. Ki riƙe kawai, Auta. In na tuna wani abu zan faɗa miki."

Ya tashi ya bar shayin.

Na yi abin da na sani. Na ƙara girman komai a allo. Na kulle shafin farko yadda ba zai motsu ba, na ba Baba ƙofar da rubutu kaɗai ake yi ta cikinta. Amma ko a cikin rubutun akwatunan suna nan, suna jiran hannu ya goce. Na ce ya zo ya sake gwadawa, ya ce gobe. Tsohuwar manhajar ma da ba a rufe ba tukuna, ya daina buɗe ta. Ya ce ba a yi wa gidan da za a rushe fenti.

Ya koma zama a benci a ƙofar shago, yana kallon masu wucewa. Kowace safiya nakan fito da waya in ce, "Baba, me za a rubuta yau?" Sai ya ce, "Rubuta a riƙa sa mai." In rubuta in sa a tsohon shafin. Washegari ma haka. A gida kuwa Umma ta ce ya gama da cokula ya koma kan murafen tukwane.

Ana haka wata tela ta zo, wadda duk layin ke kira Uwar Teloli saboda yawan waɗanda ta yaye. Ita ce mai kekuna bakwai. Ta sa an sauke mata wani tsohon keken feda daga mota, ta shigo da faɗanta tun daga bakin ƙofa.

"Baban Auta, lafiya? Kullum da safe sai na karanta wa 'yan shagona abin da ka rubuta, yanzu sai a sa mai, a sa mai. Mun sa mai har keke na zamewa! Ko ka fara sayar da man ne?"

"Mun yi ritaya, Hajiya," in ji Baba. "Yanzu zamanin masu digiri ne."

"Ritayar lafiya? To kafin ka tafi ritayar saurara mini wannan. Wani kuka yake yi, ni na rasa kansa."

Yaya ya taso zai karɓa, ta ɗaga masa hannu. "Kai tsaya, ɗana. Kai ka gyara, shi ya ji."

Baba ya yi kamar zai ƙi, sai dai ya tashi. Ya zauna gaban keken, ya ɗora hannayensa a cinya don kada a ga rawarsu, ya sa ƙafa a feda. Keken ya tashi. Ya karkata kai yana saurare, ya rage gudu, ya ƙara, ya tsaya cak, ya sake tashi.

Kowa na kallon fuskarsa. Ni ina tsugune ina tattara zaren da ya zubo daga aljihun keken, don haka ƙafarsa nake gani. Tana hawa tana sauka daidai wa daida, ba gaggawa ba tangaɗi. In ya so allura ta sauka sau ɗaya tak, sau ɗaya take sauka. Babu rawa ko ta ƙwayar zarra a ƙafar nan. Sai na tuna ko a gaban kwamfuta, in yana tunanin abin da zai rubuta, ƙafar nan takan riƙa taka fedar da babu ita a ƙarƙashin teburi.

"Ƙasa ne," in ji Baba. "Wani abu na gogar wani abu a gidan zaren ƙasa. Buɗe ka gani."

Yaya ya buɗe, ya zaro guntun allurar da ta karye ta maƙale.

"Ka ji ko!" in ji Uwar Teloli. "Ritaya! Allah ya sawwaƙe."

Da yamma Baba ya riga mu tafiya gida. Yaya na rufe tagogi, ni ina tsaye riƙe da tsohon linzamin da muka daina aiki da shi. Na buɗe baki na rufe ya fi a ƙirga. Sai da ya ɗauko kwaɗo zai kulle ƙofa na ce, "Yaya."

"Na'am, Injiniya."

"Maɓallin linzami, in aka buɗe cikinsa, ai makunni ne kawai ko? Waya biyu ce ke haɗuwa."

"Haka ne. Sai me?"

"In aka ja wayoyin nan biyu aka kai su cikin feda fa? Irin ta keken lantarki, wadda ake takawa. Hannu ya kai kibiya ya saki, ƙafa ta danna."

Ya dube ni, ya dubi linzamin. Na ga ya gane tun kafin in rufe baki, don shi mutum ne da ke gane abu da hannu. Amma sai ya girgiza kai.

"Auta, ki bar tsohon nan ya huta."

"Ba hutu yake yi ba." Wannan karon maganar ta fito. "Zama yake yi. Ka dube shi a bencin nan. Ko ba ka duba?"

Ya ajiye kwaɗon a kan teburi.

"Ba na dubawa," ya ce. "Kin san hannun nan shi ya koya mini komai? Ina yaro yana zira zare ido a rufe don ya ba ni dariya. Yanzu in ji shi a bayana yana kokawa da ɗan ɓeran roba, yana huci. Ranar nan da ya gwada, ji na yi kamar in fita in bar garin." Ya shafa fuskarsa. "Kuma in muka yi masa wannan ma ya kasa fa? Sau biyu ke nan a gabanmu."

"In ya kasa, ni na jawo. Amma yau na ga ƙafarsa, Yaya. Ba ta rawa."

Ya karɓi linzamin, ya daɗe yana juya shi a tafin hannunsa. Can ya ce, "Fedar lantarki ba za ta yi yadda take ba, ita gudu take ƙarawa. Sai an fitar da cikinta an sa makunni." Ya ja akwatin tarkace da ƙafa daga ƙarƙashin teburi. "Akwai wata baƙa a nan mai nauyi, ba ta zamewa a ƙasa. Kunna mini fitila. Ashe bakin nan naki yana aiki, Injiniya."

Bai ɗauke shi dogon lokaci ba. Ya buɗe linzamin, ya liƙa siraran wayoyi biyu da dalma, ya fitar da su ta gefe, ya bi da su ta bayan teburi ya ɗaure a ƙafarsa don kada a yi tuntuɓe. Na gwada da ƙafata: na kai kibiya, na ɗage hannu, na taka. Maɓalli ya dannu, ba abin da ya motsa. Yaya ya ce in tashi shi ma ya gwada, ya taka ya fi sau goma yana dariya kamar yaro.

Da safe Baba ya zo zai wuce benci, na tare shi.

"Baba, akwai wata feda da Yaya ya gyara, muna so ka ji ko ta yi tauri."

"Feda? Tana ina?"

"Ƙarƙashin teburin kwamfuta."

Ya dube ni ta saman tabarau. Ya dubi Yaya, wanda ya duƙufa a kan keken Uwar Teloli kamar bai san da mu ba. Ya leƙa ƙarƙashin teburin, ya bi wayar da ido har zuwa linzami.

"Wane ne ya yi wannan liƙin?"

"Ni ne," in ji Yaya, bai juyo ba.

"Dalmar ta yi yawa."

"Za a rage."

Baba ya zauna. Ya cire takalmi, kamar yadda yake yi a gaban kowane keke, ya ɗora ƙafa a fedar, ya ɗan taɓa ta ya ji nauyinta.

"Ka kai kibiyar inda kake so, Baba," na ce. "Sai ka ɗage hannu gaba ɗaya. Sai ka taka."

Ya kai. Ya ɗage hannu, hannun na rawa a iska shi kaɗai. Ya taka. Sabon rubutu ya buɗe, fari tas, komai na wurinsa.

Ya jawo allon rubutu ya fara. Na koma gefe na yi kamar ina jera allurai. Ya rubuta game da guntun allura da ke ɓuya a gidan zaren ƙasa, da irin kukan da keke ke yi in haka ta faru. Da ya zo sa hoto ya ɗan ruɗe, ya taka kafin ya ɗage hannu, hoton ya zame. Ya yi tsaki, ya ce wa hannunsa, "Kai, ba da kai ake ba, tashi." Na nuna masa maɓallin da ke mayar da abu yadda yake, ya taka, hoton ya koma. Ya sake, wannan karon ya zauna daram.

Sai ya dubi jan zaren da ke ƙasa, ya bi saitinsa, babu komai a wurin.

Wannan ne abin da na kasa. Na yi ta neman yadda zan sauko da maɓallin aikawa ƙasa, daidai da zarensa, manhajar ta ƙi. A sama ta dama yake, can zai zauna.

"Baba, wannan ya ƙi matsowa," na ce. "Na gwada. Yana can sama."

Ya dubi maɓallin, ya dubi zaren. Salatif ɗin ya yi ja saboda daɗewa, gefensa ya fara ɗagowa.

"To shi ya ƙi zuwa, mu ma sai mu ƙi?" ya ce. "Miƙo almakashi."

Na miƙa hannu zan ɓare masa, ya buge mini yatsa. Da kansa ya ɓare, a hankali, farce na kuskurewa yana sakewa. Yaya ya yanko sabon salatif ya miƙo. Baba ya kai zaren sama ta dama, hannu biyu, ya liƙa. Ya ɗan karkace. Ba wanda ya gyara.

"Amma wannan gwaji ne ko?" ya tambaya. "Mu kaɗai ke gani?"

"Har yanzu dai. In ka ce a buɗe, sai in juya adireshinmu ya koma nan, kowa ya gani."

"Me ake jira? Hajiya na can ta ƙoshi da mai."

Na karɓi kujerar na ɗan lokaci na juya adireshin. Na gwada a wayata da wani tsohon adireshi, na rubutun keken mahaifiyar telan nan, ya buɗe a sabon gida, hotonsa na tare da shi. Na tashi na ba Baba wuri.

Ya bi jan zaren da ido, ya kai kibiya, ya ɗage hannu, ya taka.

"An sallami mara lafiya," ya ce. Ya ɗauki kofinsa ya kurɓa, ya yamutsa fuska. "Auta, shayin nan ya huce. Kuma ki nemo mini shuɗin zare. Maɓallin nan mai mayar da abu yadda yake, shi ma yana son nasa."